Yadda ake tsara tambarin sirri a Microsoft 365, da yadda ake gane manufar da ke rinjaye

Wata Litinin da safe shugabar sashen kuɗi ta ofishinmu ta same ni da kwamfutarta a hannu. Ta ce, "Malam, zo ka duba mini. Da can duk takardar Excel da na buɗe sabuwa, Sirri nake gani a samanta. Yau kwana huɗu ke nan Na Cikin Gida take nuna mini, kuma jadawalin albashi nake yi." Na ce, "Ranki ya daɗe, bari in duba." Sai da la'asar na gano inda matsalar take, kuma daga hannuna ta fito. Mako guda kafin nan na ƙirƙiri wata manufa ta gwaji, na sa mutum biyar a ciki har da ita, na manta ban goge ba. Manufar ta sauka a ƙasan jeri, ni kuwa a zatona na ƙasa shi ne mai rauni. Ashe a wannan wuri na ƙasa shi ne babba. Kwana huɗu albashin ma'aikata yana yawo ba kulle.

Tun daga ranar nake son rubuta wannan bayani, domin kuskure ne da duk mai kula da kwamfutocin ofis zai iya faɗawa, kuma ba ya ƙara, ba ya nuna jan rubutu. Shiru yake yi har sai wani ya lura.

Tambari daban, manufa daban

Tambarin sirri shi ne alamar da ake liƙa wa takardar Word, Excel, PowerPoint, saƙon Outlook, taron Teams, ko ma shafin SharePoint (wurin ajiyar fayilolin ofis a intanet) gaba ɗaya, don a nuna nauyin abin da ke ciki. Kamar dai hatimin da ake buga wa fayil a ofisoshin gwamnati, sai dai wannan yana shiga cikin jikin fayil ɗin, duk inda aka kai shi yana tare da shi, ko a filasha, ko a imel, ko a wayar wani. Yana iya sa rubutu a sama ko a ƙasan shafi, yana iya sa rubutu mai dishi-dishi a bayan shafi, yana kuma iya kulle takardar ta yadda sai wanda aka lissafa ne zai buɗe. Fayil ɗaya tambarin sirri ɗaya yake ɗauka daga ma'aikatarku, ba biyu ba.

Manufa kuwa ita ce mai rabo. Ka ƙirƙiri tambari ɗari, in ba ka sa su cikin manufa ba, babu ma'aikacin da zai gan su a manhajarsa. Manufa ce ke cewa su wane za su ga waɗanne tambura, wanne zai hau sabuwar takarda da kansa, ko dole ne a sa tambari kafin a adana, da ko sai an faɗi dalili kafin a sauke shi.

Kowanne a cikin biyun yana da jerinsa, kowane jeri yana da lambar fifiko da ke farawa daga 0. Aikin jerin tambura daban, aikin jerin manufofi daban. Yawancin ruɗanin da nake gani daga haɗa su ne yake tasowa.

Duk wannan ana yin sa ne a dandalin Microsoft Purview, a adireshin purview.microsoft.com. Idan ka ci karo da tsofaffin bayanai suna kiran Azure Information Protection, kakan wannan tsarin ne. Sunan Purview ya game waɗannan kayan aiki ne a 2022, tsohuwar ƙarin manhajar da ake ɗora wa Office kuma an yi mata ritaya a Afrilun 2024. Yanzu maɓallin Sensitivity a cikin Office ɗin kansa yake.

Kafin ka fara

Duba abu biyu. Na farko lasisi: Business Premium da E3 suna ba ma'aikata damar sa tambari da hannu, amma tambarin da ke hawa da kansa saboda manhaja ta hango lambar katin banki ko makamancinta, wannan na masu E5 ne ko ƙarin lasisin da ya yi daidai da shi. Na biyu izini: ba sai ka shiga da asusun babban mai kula ba. Matsayin Compliance Administrator ko Information Protection Admins ya isa, kuma ya fi aminci.

Mataki na ɗaya: rubuta tambura a takarda

Kada ka buɗe dandalin tukuna. Ɗauki biro, ka zauna da shugaban ma'aikata, da sashen kuɗi, da lauyan ofis in akwai, ku amsa tambaya ɗaya: wace takarda ce in ta fita waje za a ji kunya, wacce ce in ta fita za a shiga kotu? A Najeriya tambayar ta ƙara nauyi tun da aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a 2023, domin bayanan ma'aikata da na abokan hulɗa amana ce da doka ke bibiya.

Tamburan da Microsoft ke kawowa na misali biyar ne: Personal, Public, General, Confidential da Highly Confidential. Ni huɗu nake amfani da su, kuma su za mu bi a nan: Na Kowa, Na Cikin Gida, Sirri, da Sirri Ƙwarai. A ƙarƙashin Sirri Ƙwarai akwai 'ya'ya biyu, Kuɗi da Shugabanni.

Kada ka yawaita. Microsoft da kansu sun ce amfanin tsarin yana raguwa idan manyan tambura suka wuce biyar, ko 'ya'yan uwa ɗaya suka wuce biyar. Na ga hakan da idona. Ma'aikacin da aka ba zaɓi goma sha biyu ba ya karantawa, na farkon da hannunsa ya taɓa yake dannawa.

Mataki na biyu: ƙirƙira su

A dandalin Purview shiga Solutions, sannan Information Protection, sannan Sensitivity labels, ka danna Create. Microsoft suna yawan sauya wa maɓallai wuri, amma sunayen ba su cika canzawa ba.

Za a tambaye ka suna iri biyu. Name shi ne na cikin tsarin, kuma da zarar ka adana ba ya canzuwa, don haka yi shi gajere, ba haruffa masu lanƙwasa. Display name shi ne wanda ma'aikata ke gani, ana iya gyara shi kowane lokaci, kuma babu abin da ya hana ka rubuta shi da Hausa. Sai bayanin da ke fitowa idan mutum ya ɗora linzami a kan tambarin. Ba wannan wurin muhimmanci. "Bayanan sirri na kamfani" ba ya taimakon kowa. Rubuta abin da mutum zai gane nan take: "Albashi, lambobin asusun banki, takardun kwangilar da ba a sa wa hannu ba."

Daga nan ka zaɓi inda tambarin zai yi aiki: fayiloli, imel, taruka, ko rukunai da shafuka. Sai kariya. Na Kowa da Na Cikin Gida ban sa musu kulle ba, rubutu ne kawai a ƙasan shafi. Sirri na kulle shi ga duk ma'aikatan gida. Kuɗi na kulle shi ga rukunin sashen kuɗi da shugabanni kawai. Kullen nan Azure Rights Management ne ke yin sa a bayan fage.

Game da uwa da 'ya'ya: ɗa ba ya gadon saitin uwarsa, launi kawai yake ɗauka. In ka sa wa uwa kulle kana zaton 'ya'yan sun kullu, ba su kullu ba, kowanne sai ka saita shi da kansa. Uwar da ke da 'ya'ya kuma ba a liƙa ta a kan takarda, suna ne kawai da ke tattara su.

Idan kuna ajiya a SharePoint da OneDrive, kunna musu damar sarrafa fayiloli masu tambari. Akwai maɓallin kunnawa a dandalin, ko ka yi da PowerShell, wato manhajar da ake rubuta wa umarni:

Set-SPOTenant -EnableAIPIntegration $true

In ba ka kunna ba, kullallun takardu ba za su buɗu a Office na burauza ba, kuma bincike ba zai ga abin da ke cikinsu ba.

Mataki na uku: jera tambura, mai sauƙi a sama, mai nauyi a ƙasa

Ga jeri na farko. Tambarin da ya fi kowanne sauƙi shi ke sama da lamba 0, wanda ya fi kowanne nauyi shi ke can ƙasa da lamba mafi girma. A namu: Na Kowa, Na Cikin Gida, Sirri, Sirri Ƙwarai da 'ya'yanta. Sabon tambari a ƙasan jeri yake sauka, wato manhaja tana ɗaukarsa a matsayin mafi nauyi har sai ka matsar da shi. Danna ɗigo ukun da ke gefensa, ka zaɓi Move up ko Move down.

Manhaja ba ta jin ma'anar kalmar Sirri. Lamba kawai take karantawa. In ka bar Na Kowa a ƙasa, to a wurinta shi ne sirrin da ya fi kowanne, kuma a kan wannan lambar take yanke hukunci a wurare da yawa.

Da ita take gane an sauke tambari. Wanda ya canza takarda daga Sirri zuwa Na Cikin Gida ya sauko, sai a nemi dalilinsa. In jerin a birkice yake, za a riƙa tsare mai ƙara kariya da tambaya, a bar mai cire ta ya wuce salin-alin. Amma lura, 'ya'yan uwa ɗaya matsayin uwarsu suke ci a wannan batu. Mai canzawa daga Shugabanni zuwa Kuɗi ba za a tambaye shi dalili ba. Idan kana ganin tsakanin biyun akwai tazarar da ta cancanci tambaya, to kada ka haɗa su uwa ɗaya.

Da ita kuma take zaɓe idan takarda ta dace da sharuɗɗan tambura biyu masu hawa da kansu: na ƙasa ne ke hawa, in yana da 'ya'ya kuma na ƙarshensu. A nan jerin 'ya'ya yana da tasiri. Haka idan ɗakin ajiya na SharePoint yana da tambarinsa na tashin farko, zai iya maye gurbin wanda ya hau da kansa in ya fi shi lamba, amma ba ya taɓa wanda mutum ya sa da hannunsa. Idan aka ɗora takarda mai babban tambari a shafi mai ƙaramin tambari, ba a hana ɗorawar, sai dai a rubuta a kundin bincike a kuma aika saƙon gargaɗi. Ko Copilot, mataimakin AI na Microsoft, idan ya haɗa amsa daga takardu da dama, tambarin da ya fi lamba a cikinsu yake nunawa.

Mataki na huɗu: shirya rukunai

Manufa tana karɓar mutane ɗai-ɗai, amma kada ka saba da haka. Yau mutum yana sashen kuɗi, gobe an mayar da shi sashen saye, kai kuma ka manta. Yi amfani da rukunai masu adireshin imel: rukunin Microsoft 365, rukunin rarraba saƙo, ko rukunin tsaro mai imel. Rukunin tsaro marar imel ba zai fito a wurin zaɓe ba, kuma wannan ya sha ɓata wa mutane rana. Mu muna buƙatar biyu: Sashen Kuɗi da Shugabanni.

Mataki na biyar: manufar kowa da kowa

Shiga Policies, sannan Label publishing policies, ka danna Publish label. Zaɓi Na Kowa, Na Cikin Gida da Sirri. A wurin mutane bar shi a kan kowa. Yanzu sai saituka, kuma huɗu ne masu nauyi.

Neman dalili kafin a sauke ko a cire tambari. Kunna shi. Ba ya hana mutum saukewa, amma yana sa shi ya tsaya ya yi tunani, kuma dalilin da ya bayar yana shiga Activity explorer inda za ka iya karantawa.

Tambarin tashin farko, wato wanda ke hawa sabuwar takarda ba tare da an zaɓa ba. Ana saita na takardu daban, na imel daban, na taruka daban. Ga kowa da kowa Na Cikin Gida ya dace. Ina roƙonka kada ka sa tambari mai kulle ya zama na tashin farko ga imel ɗin jama'ar ofis. Washegari duk wasiƙar da aka aika wa ɗan kwangila ko abokin ciniki za ta isa a kulle, ya kasa buɗewa, wayarka kuma ba za ta huta ba. Kada kuma ka zaɓi uwa mai 'ya'ya, domin ba za ta hau ba.

Tilasta sa tambari. Idan ka kunna, ba a adana takarda ko aika saƙo sai da tambari. Shawarata a nan, kada ka fara da shi ga kowa. Tilas ba tare da koyarwa ba tana haifar da danna-ka-wuce. Bari mutane su yi wata ɗaya ko biyu suna ganin tambarin tashin farko, su saba, sannan ka duba ko akwai buƙata. Kana iya tilasta wa takardu ka ƙyale imel.

Na huɗu mahaɗin shafin taimako. Shafi ɗaya a SharePoint mai misalai daga aikin ofishinku ya wadatar.

Sa wa manufar suna mai bayyana kanta, kamar Kowa-da-Kowa, ka adana. Ita ce lamba 0, kuma a saman jeri ya kamata ta zauna har abada.

Mataki na shida: manufofi na musamman, inda fifiko ke aiki

Ƙirƙiri ta biyu, Sashen-Kuɗi. Sa mata tambura ukun farko, ka ƙara Sirri Ƙwarai da ɗanta Kuɗi. Tambarin tashin farko na takardu ya zama Sirri, na imel Na Cikin Gida, neman dalili a kunne, tilas a kunne. Ita ce lamba 1. Sai ta uku, Shugabanni, mai ɗauke da dukkan tambura, tashin farko Na Cikin Gida, neman dalili a kunne, tilas a kashe. Ita ce lamba 2.

Ka ga na maimaita tambura ukun farko a kowace manufa, alhali mutanen sun riga sun same su daga ta farko. Dalili shi ne manufa ba ta iya naɗa tambarin tashin farko sai daga cikin waɗanda ita kanta ta raba.

Yanzu ga ƙa'idar, kuma kashi biyu ce. Mutumin da ya faɗo cikin manufofi da yawa, tamburansu duka ake tara masa. Amma inda saitukansu suka saɓa, na manufar da ta fi lamba ne ke aiki, wato wadda ke ƙasa a jeri. Tambura ana haɗawa, saiti kuwa ɗaya ne ke ci.

Mu gwada da mutum uku. Sakataren ofis yana cikin lamba 0 kawai: tambura uku yake gani, sabuwar takardarsa Na Cikin Gida. Akanta yana cikin 0 da 1: yana ganin ukun da Kuɗi, sabuwar takardarsa Sirri, kuma dole ya sa tambari. Har nan babu matsala. To daraktan kuɗi fa? Yana cikin 0, yana cikin 1, yana kuma cikin 2 domin shi ma shugaba ne. Tambura duka zai gani, amma saitin lamba 2 ne zai hau kansa. Sabuwar takardarsa Na Cikin Gida za ta zama. Mutumin da ya fi kowa riƙe sirrin kuɗi a ofis ya tashi da kariyar da ba ta kai ta akantan da ke ƙarƙashinsa ba.

Abin da ya faru shi ne mun jera manufofin bisa girman kujera, kamar yadda muka saba jera sunaye a takardar gayyata. Jerin nan ba na girmamawa ba ne. Tambayar da za ka yi ita ce: idan mutum ya faɗo cikin waɗannan biyun, saitin wacce nake so ya bi? Amsar ita ke zuwa ƙasa. A misalinmu sai ka danna ɗigo ukun gefen Shugabanni ka yi Move up, ta koma 1, Sashen-Kuɗi ta koma 2. Daraktan kuɗi zai ci gaba da ganin tambarin Shugabanni, tunda tambura taruwa suke yi, amma saitin sashen kuɗi ne zai bi. Sauran shugabannin babu abin da ya canza musu.

Ni ƙa'idar da nake bi ita ce mai faɗi a sama, mai tsauri a ƙasa. Kuma kowace manufa ina cika ta da dukkan saitukan da nake so mutanenta su samu, kamar babu wata manufa a duniya sai ita. Ba na barin akwatin neman dalili a kashe ina cewa ai na kunna shi a ta kowa da kowa. Aikin minti biyu ne, yana kuma raba ka da zato.

Abin da ke jefa ƙwararru ma cikin wannan rami shi ne sabo. A dokokin zirga-zirgar saƙo na Exchange, wato tsarin imel na Microsoft, lamba 0 ce ake fara bi. A manufofin hana fitar bayanai na DLP, waɗanda ke cikin dandalin Purview ɗin nan ɗaya, lamba 0 ce mafi fifiko. Sai ka zo manufofin tambari ka tarar an juya: 0 ce mafi rauni. Hannun da ya saba tura abu mai muhimmanci sama, a nan ƙasa zai tura shi.

Wannan ne ya sa manufar gwaji take da haɗari. Tana sauka a ƙasa, ta rinjayi kowace, ga duk wanda ka sa a ciki. In za ka yi gwaji, yi da asusun gwaji, ba da na ma'aikatan da ke kan aiki ba. In dole sai da mutanen gaske, rubuta ranar gogewa a cikin sunan manufar, ka kuma sa wa kanka tunatarwa.

Akwai wani abu da manufa ba ta yi, kuma dole ka fahimtar da shugabanninka shi. Hana mutum tambari a manufa ba ya hana shi buɗe takarda. Sakataren da ba a raba wa Kuɗi ba, ba zai iya liƙa shi ba, amma in takarda mai wannan tambari ta zo hannunsa zai ga sunan tambarin, kuma in babu kulle a kai zai karanta ta tsaf. Wanda zai buɗe da wanda ba zai buɗe ba, a saitin kullen tambarin ake yanke shi, can mataki na biyu. Haka kuma akasinsa: kana iya raba wa mutum tambari a manufa alhali ba ya cikin waɗanda kullen ya lissafa. Zai sa tambarin, shi zai ci gaba da buɗe takardarsa tunda shi ya kulle ta, amma ba zai buɗe ta abokan aikinsa ba. Don haka rukunin da ka sa a kulle da wanda ka sa a manufa, ka tabbata sun yi daidai.

Mataki na bakwai: jira, sannan ka gwada

Canji ba ya isa nan take. Ba shi har sa'o'i 24 kafin ka ce bai yi ba, in kuma ya shafi sabon rukuni ko sauya 'yan rukuni, yana iya kai 48. Sau da yawa Office na burauza yana riga na kan kwamfuta gani, don haka fara dubawa a can. Babban kuskure a nan shi ne gajen haƙuri: ka canza, bayan minti ashirin ba ka ga komai ba, ka sake canzawa, gobe ka rasa wanne ne ya yi aiki. Canji ɗaya, ka rubuta lokacinsa, ka jira.

Ka tanadi asusun gwaji guda ga kowane haɗi: mai 0 kawai, mai 0 da 1, mai 0 da 2, da mai duka ukun. Na ƙarshen nan shi ne mafi muhimmanci, shi ne kuma aka fi mantawa. Da kowanne buɗe sabuwar takardar Word ka ga abin da ya hau, buɗe sabon saƙo a Outlook, sauke tambari ka ga ko za a tambaye ka, sannan ka aika kullalliyar takarda ga asusun da bai kamata ya buɗe ba.

Don ganin lambobin ƙuru-ƙuru, PowerShell ya fi dandalin. Bayan ka ɗora masa ƙarin manhajar ExchangeOnlineManagement:

Connect-IPPSSession

Get-Label | Format-Table DisplayName, Name, Priority, Guid

Get-LabelPolicy | Format-Table Name, Priority

(Get-LabelPolicy -Identity "Sashen-Kuɗi").Settings

Na ƙarshen zai zubo maka saitukan manufar. Tambarin tashin farko da doguwar lambarsa ta Guid zai fito, ba da suna ba, shi ya sa ka fara fitar da jerin tambura don ka gwama. Ni nakan adana sakamakon waɗannan umarni a fayil kafin kowane canji da bayansa.

Idan wani ya kawo ƙara

Bi wannan tsari, kada ka tsallake. In ya ce ba ya ganin maɓallin Sensitivity sam, duba lasisinsa, ka kuma duba da wane asusu ya shiga Office, domin da yawa suna shiga da nasu na gida ba su sani ba. In maɓallin yana nan amma wani tambari ya ɓace, to ko ba ya cikin rukunin, ko ba a sa tambarin a manufar ba, ko kuma an taƙaita tambarin ga fayiloli shi kuwa a Outlook yake nema. Fifiko ba ya ɓatar da tambari, kada ka ɓata lokaci a can.

In kuwa tambura sun cika amma hali ne ya canza, wato tashin farko ba shi ba ne, ko an daina neman dalili, ko tilas ta ɓullo, to maganar fifikon manufa ce. Lissafa duk manufofin da mutumin ke ciki, har da waɗanda ya shiga ta rukunin da ke cikin wani rukuni, ka duba wadda ta fi lamba. Da na bi wannan hanya ranar da shugabar sashen kuɗi ta zo, da kafin azahar na gama. In kuma ana neman dalili a inda bai kamata ba, ko ba a nema a inda ya kamata, koma jerin tambura, ba na manufofi ba.

Cire tambari daga aiki

Wata rana za ka so ka yi ritayar wani tambari. Kada ka fara da gogewa. Cire shi daga manufofi tukuna: mutane za su daina ganinsa a wurin zaɓe, takardun da ke ɗauke da shi kuma suna nan da tambarinsu da kullensu, kuma in ka canza shawara sai ka mayar. Kafin ka cire, duba ko shi ne na tashin farko a wata manufa, ka naɗa wani a madadinsa. Gogewa kuwa ba ta da komawa. Takardun da ya kulle za su ci gaba da buɗuwa ga masu izini, domin ana adana tsarin kullen, amma sunan tambarin zai daina fitowa a kansu, kuma sabon tambarin da ka ƙirƙira daga baya Guid ɗinsa daban ne, ba zai gane tsofaffin takardun a matsayin nasa ba. Bar shi a ajiye ba a raba ba na wasu watanni, kana duba Content explorer don ganin fayiloli nawa ne har yanzu ke ɗauke da shi, ka sa masu su su canza musu tambari. Bayan ka goge, sake fitar da jerin lambobin da Get-Label ka tabbata sauran tamburan suna inda ka bar su.